Tambaya da Amsa: Ina wasan daɓe amma fim nake so

TAMBAYA: Assalamu alaikum Yaya, ni ɗalibi ne shekarata 19, tun ina ƙaramar sakandire nake cikin ƙungiyar dirama ta makarantarmu, yanzu ma muna da wata 'yar ƙungiya a unguwa muna yin wasan daɓe in an gayyace mu bikin yaye ɗalibai ko taron wayar da kai. To ni dai burina in shiga fim, abokaina suna cewa wasan daɓe ɓata lokaci ne in tattara in tafi Kano kawai. Kuma akwai wani da muka haɗu a Facebook yace in tura masa kuɗi zai sa ni a fim mai dogon zango. Don Allah ya zan yi? Daga wani ƙaninka a Gusau.

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanena. Mu fara da mutumin Facebook ɗin, kar ka tura masa ko sisi. Furodusa ne ke biyan ɗan wasa ko da kuɗin mota ne, duk wanda yace kai zaka biya kafin a haska ka to aljihunka yake so.

Maganar abokanka kuwa wallahi ban yarda da ita ba sam. Ita kanta Kannywood ɗin ai daga daɓe ta fito. Turmin Danya da aka yi a Kano a 1990, wanda ake lissafawa a matsayin fim ɗin bidiyo na Hausa na farko, ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ce ta yi shi, mutanen da suka riga suka goge a dirama kafin su san kaset zai kawo kuɗi. Su marigayi Ƙasimu Yero da Samanja ma dirama ce ta rene su a Kaduna, shi yasa in suka buɗe baki sai ka ji magana ta zauna daram. Daɓe zai koya maka haddar magana, ya buɗe maka murya, ya cire maka tsoron idon jama'a, kuma in ka yi kuskure ba wani darakta da zai ce a sake, dole ka gyara a tsaye mutane na kallonka.

Amma fa ka sani ranar da ka tsaya gaban kyamara kusan rabin abin da ka saba sai ka rage shi. A daɓe kana ɗaga murya ne da ware hannu saboda na can bayan zaure ya ji ya gani, ita kuwa kyamara tana iya zuwa dab da fuskarka, ga makirfo a saman kanka ko a maƙale jikin rigarka, in ka zaro ido irin na daɓe sai mai kallo yace wannan ya cika zaƙewa. Ɓacin ran da kake nunawa da duk jiki, a fim ido da ɗan shiru sun isa. Sannan a daɓe labari yana tafiya ne daga farko har ƙarshe kana ciki, a lokeshan kuwa ana iya ɗaukar sin, wato fitowa, na mutuwar mahaifinka da safe, da la'asar a ɗauki wanda kuke hira da shi kuna dariya, don duk a gida ɗaya ne kuma an biya kuɗin gidan na yini guda. Sin ɗaya a maimaita shi daga kusurwa daban daban, kuma hular da ka karkata dama dole ta zauna a dama. Wannan ɗin ne ke kayar da 'yan daɓe da yawa, ba rashin iyawa ba.

Maganinsa yana aljihunka. Ka kafa waya ka yi sin na minti biyu, ka kalla, ka rage, ka sake. Wanda ya fi kyau ka ajiye, shi zaka nuna in an kira tantance 'yan wasa, musamman yanzu da fina-finai masu dogon zango a YouTube da Arewa24 suke cin sabbin fuskoki.

In lokacin zuwa Kano ya yi, ka je da sanin iyayenka da kuma wurin kwana takamaimai, ka yi rajista da ƙungiyar 'yan fim da hukumar tace fina-finai ta jihar, ka shirya zama ɗan rakiya a bayan jarumi na wani lokaci, wani sa'in ma ba zaka furta kalma ɗaya ba. Kuma don Allah kar ka ajiye karatu, ABU Zariya na da sashen wasan kwaikwayo, BUK ma na da na wasan kwaikwayo, ga makarantar koyon fim ta ƙasa a Jos in aikin kyamara ko darakta ya ja hankalinka. Kafin nan ka cigaba da zuwa rihazal ɗin ƙungiyarku, in kun yi wasa na gaba ku sa wani ya ɗauka da waya daga farko har ƙarshe.