Tambayoyin Fasaha: Yadda kayan Daura suka sauka Yamai

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mai gyaran waya ne a Daura. Na yi odar gilasan waya daga wani shagon intanet na ƙasar Sin. Da na duba lambar bibiyar kayan sai na ga wai sun sauka Niamey, wato Yamai ta Nijar. Damfarata aka yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ba wanda ya damfare ka, ƙanena, babban yatsanka ne ya yi maka aika-aika. Koma cikin odar ka dubi gurbin ƙasa. Na tabbata Niger za ka gani, ba Nigeria ba. A jerin ƙasashen da shagunan nan ke fitarwa, Nijar ce ke zaune daidai saman Najeriya, sai mutum ya ga haruffa biyar na farko ya dangwala ya wuce. Kai da ke kwance waya har cikin hanjinta, a ce haruffa biyu ne suka kayar da kai!

Abin nan yana ci mini tuwo a ƙwarya, don haka ku yi haƙuri in tsaya a kansa. Na'urar da ke rarraba kaya a can ba ta san Daura ba, ba ta san tarihin Bayajidda ba. Ƙasar da ka zaɓa kawai take karantawa, sau da yawa ma a taƙaice: NG Najeriya, NE Nijar. Masu son gajarta rubutu da ke sa NI kuwa, ku sani wannan Nikaragwa ce, can tsakiyar nahiyar Amurka. Mutanen jihar Neja sun fi kowa shan wannan wahala, domin sunan jiharsu a takarda ɗaya ne da na ƙasar maƙwabta, sai su rubuta Minna, Niger, su tsaya nan. Haka mai aika saƙo birnin Benin na jihar Edo, in bai ƙarasa adireshi ba, wasiƙarsa na iya kwana a Kwatano.

Ƙa'idar gidan waya ta duniya ba ta da wuya: sunan ƙasa shi ne layin ƙarshe, shi kaɗai, da manyan baƙaƙe. Sai lambar gidan waya, wadda nake ganin mutane na cike ta da 234. Wannan lambar kiran waya ce, jama'a! Ta gidan wayar Najeriya lamba shida ce, misali 820001 ta babban ofishin Katsina. Ta Nijar huɗu ce. Taku ta Daura ka tambaya a ofishin NIPOST, wato hukumar gidan waya ta Najeriya.

Ni dai ɗabi'ata, kuma ba zan gaji da tallarta ba, ba na jan jerin ƙasashe da yatsa. Rubuta sunan nake yi har harafin ƙarshe, sannan in kalli gurbin lambar waya. In ya nuna +234, madalla. In na ga +227, na san na tsallaka iyaka. Kuma ka shiga saitin Chrome ka goge adireshin da ya adana, in ba haka ba zai riƙa cike maka Nijar a kowace oda.

Kayan da suka riga suka tafi fa? Ka rubuta wa mai shagon, amma kada ka sa rai da yawa tunda kuskuren naka ne. Da Damagaram suka sauka da na ce ka bi ta Kwangwalam ka ɗauko, to Yamai kusan kilomita 900 ce daga Damagaram.

Tambaya: Ɗana yana karatu a Maraɗi. Na adana lambarsa amma ba ya fitowa a WhatsApp. Daga wata uwa a Ƙofar Ƙaura.

Amsa: Hajiya, ki fara da +227 sannan lambobinsa takwas, ba sifili a gaba. In bai fito ba bayan haka, ki tambaye shi ko wata lambar yake ɓoye miki.

Tambaya: Duk ranar da na je kasuwar Jibiya sai harafin R ya fito a saman wayata, kuɗina kuma su zurare.

Amsa: Alhaji, wayarka ce ke kama sabis ɗin Nijar. Shiga saitin layi, kashe amfani da data a ƙasar waje, sannan ka zaɓi kamfaninka da hannu maimakon ka bar waya ta zaɓar maka.