Wai na'urar tausa mai lantarki tana maganin mura da tari?

TAMBAYA: Salam Likita. Tunda hunturun nan ya shigo maigidana ke fama da mura da tari, ƙirji ya cushe, bacci ma sai a zaune. Sai wani mai talla ya kawo mana wata 'yar na'ura mai batir, ana manna ta a jiki tana ɗan jan mutum zir-zir, wai tana kashe ƙwayar cutar har ta korona. Dan Allah da gaske ne ko mu riƙe kuɗinmu? Daga 'yar uwarku a Jekadafari, Gombe.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ba maigida lafiya. Ki riƙe kuɗinki. Wannan na'urar ta ciwon baya ce da gwiwa, raɗaɗi kawai take ɗan ragewa, ita ko ƙwayar bairos tana can cikin hanci da maƙogwaro da huhu ko a jikinta, garkuwar jiki ce ke gamawa da ita, yawanci cikin sati ɗaya zuwa biyu.

Su masu tallan ba daga sama suka tsinci zancen ba, gishiri dai suka zuba masa. A watan Yulin 2020 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka (FDA) ta ba da izinin gaggawa ga wata na'ura gammaCore da ake ɗorawa a gefen wuya ta motsa wata babbar jijiya, amma fa don masu asma ne da korona ta tsananta musu numfashi kuma magungunansu suka kasa, sannan sai likita ya rubuta. Haka wanda ya daɗe kwance a sashen kulawa ta musamman, masu gashin ƙashi a asibiti kan motsa masa tsokar cinya da lantarki kar ƙafa ta saki. Duk tallafi ne, babu wadda ke kashe cuta.

Kuma dan Allah kar a manna ta a maƙogwaro ko saitin zuciya, mai ciki da mai farfaɗiya da wanda aka sa wa batirin zuciya su kauce mata gaba ɗaya.

Ni abinda ya fi tsaya min a rai shi ne baccin zaunen nan, mura zalla ba ta cika yin haka ba, yana iya zama asma ko nimoniya ko ma zuciya. Ki lallaɓa shi ya je asibiti yau ɗin nan a saurari ƙirjin, ga Asibitin Koyarwa na Tarayya nan cikin gari. In tarin ya kai sati 2 a gwada majina saboda tarin fuka, kyauta ake yi a asibitocin gwamnati.