Kiɗa ɗaya, hannu daban: wane faifai zan saya?

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a Mabera. Na ci karo da kiɗan rawar bale (rawar dandamali ta Turawa) na Stravinsky, marubucin kiɗa ɗan Rasha, mai suna The Rite of Spring, ya shiga raina. Da na duba intanet sai na tarar da faifansa ba iyaka, kowanne da sunan madugun makaɗa daban, ni kuwa kuɗin guda gare ni. Ba kiɗa ɗaya ba ne?

Amsa: Ɗana, a takarda ɗaya ne, a kunne ba ɗaya ba. Kai ɗan Sakkwato ne, ka san ko take ɗaya aka ba makaɗan kotso biyu, hannun kowa daban. Madugu ba ya busa, ba ya goge, amma shi ke yanke saurin tafiya, wa zai fito, wa zai lafa, da tsawon shirun da za a yi kafin ganga ta faɗo.

An fara kaɗa wannan kiɗa a Paris ranar 29 ga Mayu, 1913, Pierre Monteux na jan makaɗa. 'Yan kallo suka yi ta hayaniya har masu rawa suka daina jin kiɗan, sai da Nijinsky, wanda ya tsara rawar, ya koma yana ƙirga musu taku daga gefen dandamali. Ka riƙe wannan: don ƙafa aka rubuta shi.

Stravinsky da kansa ya ɗauke shi a 1960 da makaɗan kamfanin faifai na Columbia. Tafiyarsa a tsuke take, ba ado, ba jan rai. Na Leonard Bernstein da makaɗan New York, 1958, wuta ne, kamar guguwar farkon damina ta taso maka daga gabas. Na Pierre Boulez da makaɗan Cleveland, 1969, komai a fili, har ƙaramar sarewar da ke ɓuya a bayan ƙahoni za ka ji ta. Herbert von Karajan ya yi nasa da makaɗan Berlin a 1964, Stravinsky ya soke shi cewa ya cika santsi, daga baya Karajan ya sake ɗauka a 1977. Ina ganin mai kiɗan ya yi gaskiya. Labarin da rawar ke bayarwa, na budurwar da aka zaɓa ta yi rawa har ta mutu, bai dace da kwalliya ba.

Kafin ka fitar da ko sisi, yi wannan gwaji. Bayan busar farko ta basun (wani dogon abin busa na katako), mai kama da kukan algaita daga nesa, wajen minti uku da rabi, masu goge za su kama dukan sauti ɗaya kamar mata na daka, ƙahoni na faɗowa inda ba ka zata ba. Saurari wurin nan kaɗai a faifai uku, kana buga ƙafa. Wanda ya hana ka zama, shi ne naka. In ni ka tambaya, Boulez zan ɗauka, don na daɗe ina jin sa kuma har yau yana nuna mini abin da ban lura da shi ba.

Tambaya: Malam, na sayi The Firebird, minti 20 ne, na ƙawata kuwa ya kai 45. An cuce ni ne? Daga Runjin Sambo.

Amsa: Ba a cuce ki ba, ɗiyata. Nata cikakken kiɗan rawar ne na 1910, naki tsakuren da Stravinsky ya fitar a 1919 don zauren sauraro. Nan gaba ki duba ko an rubuta "suite" a jiki. In cikakken kike so, nemi na Antal Dorati da makaɗan Landan, 1959.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ina son Daphnis et Chloé na Ravel, amma a sifikata rabinsa ba ya fita. In sayi babba? Daga Arkilla.

Amsa: Malam, kada ka saya tukuna. Ravel ya fara kiɗan nan da sauti ƙasa-ƙasa kamar numfashi, ga fanka, ga janareton maƙwabta, dole ya ɓace. Ka sa kuɗin a abin sawa a kunne mai rufe kunne duka, kuma ka sauke kiɗan da cikakken ingancinsa, ba wanda aka matse aka turo ta WhatsApp ba. Ka tabbatar faifan na da mawaƙa masu amshi ba kalmomi, don wasu madugai kan cire su. Monteux, wanda ya ja shi ranar farko a 1912, ya ɗauke shi a Landan a 1959 yana da shekara 84. Ka kunna sashen kiɗan da ke kwatanta fitowar rana, da sanyin safiya, kafin a tada injin markaɗe a layinku.