Amsa ga mai tambayar haɗa taku da sara a kendo

Ɗan'uwa ka ce ka fara kendo, wasan takobin Japan, kwanan nan, kuma duk sanda ka kai sara a kai sai shinai ɗinka, wato takobin gorar, ya riga ƙafarka sauka, malaminku kuma ba ya cewa komai sai dai a sake. Toh kusan duk sabon shiga haka yake fama, kuma a iya abin da na gani a dojo ɗinmu, wato ɗakin atisaye, matsalar ba a hannu take ba, a ƙafar hagu take.

Fara duba tsayuwarka. Dama a gaba, hagu a baya, yatsun hagu daidai layin dunduniyar dama, tsakaninsu faɗin dunƙulen hannu, duka biyun suna kallon gaba, dunduniyar hagu a ɗage kaɗan ba ta taɓa ƙasa. Sabbi da yawa hagun nan tasu karkacewa take waje kamar ɗan dambe ya gyara tsayuwa, kuma da ta karkace ƙugu ya juya, ba abin da zai tura ka gaba, dole ka sunkuya ka miƙa hannu don ka kai ga mutum, shi ya sa gorar take isa kai kana baya.

Ajiye shinai ɗin tukunna, ɗora hannu a ƙugu ka yi ta okuri-ashi daga bango zuwa bango, wato hagu ta tura, dama ta zame gaba tana shafar ƙasa, hagu ta biyo da sauri ta tsaya inda ya kamata, kar ta wuce dama ko sau ɗaya. Kanka kar ya riƙa sama da ƙasa. Abin da gundura wallahi, amma nan aikin yake.

Wurin da mutane ke rikicewa kuma, lokacin saran iri biyu ne. In suburi kake da zamewa, wato maimaita sara a iska ba abokin karawa, saran yana ƙarewa ne daidai sanda hagu ta ja ta iso. In kuma fumikomi ne, mai buga ƙafar nan, shinai yana sauka ne tare da ƙafar dama. Sa kunne, ƙarar gorar da ƙarar ƙafar da ihun "men" da kake yi lokacin saran kai su fita tare, in ka ji tas sannan dum to ba su haɗu ba. Wannan haɗuwar ce ki-ken-tai-ichi da ake ta nanatawa, kuma a gasa alƙalai 3 ne, sai 2 sun ɗaga tuta ake ba ka maki, saran da ƙafa ta makara ba sa ɗaga masa. Maganinta ka rage tsawon takun, matso kusa ka yi ƙarami a hankali har sautin ya zama ɗaya, sannan ka ƙara nisa. Ƙarfin riƙo a hannun hagu, ƙaramin yatsa da na kusa da shi, hannun dama saiti kawai yake.

Don Allah kar ka buga fumikomi a siminti ko tayil ɗin gida, dunduniya za ta yi ta ciwo, daɓen katakon dojo yana ɗan lotsawa ne shi ya sa. A gida zamewa da suburi sun isa. Bororo a tafin hagu kam zai fito, daga baya ya zama kanta, ka dai riƙa ɗumama agara kafin ka fara. In ka samu dama a ɗauke ka bidiyo ta gefe har ƙafa ta fito, ka turo mu gani.