Wane Suna Za Mu Ba Waɗannan Haruffa?

Wani matashi daga Runjin Sambo, mai sana'ar zana allunan shaguna a kwamfuta, ya rubuto yana tambaya: "Malam, haruffan nan masu faɗi da ake gani a fuskar na'urori da finafinan sararin samaniya, me za mu kira su da Hausa?"

Ɗana, na ji daɗin tambayar nan ƙwarai. Bahaushe ya daɗe yana raɗa wa harafi suna da siffarsa. Duk wanda ya zauna gaban malam da allo a Sakkwato ya san ba guje, lam jaye da ain baki wofi. Dubi na ƙarshen nan: an kalli harafi, an ga bakinsa a buɗe, sai aka kira shi da abin da ido ya gani. Wannan hanyar za mu bi.

Haruffan boko iri biyu ne. Wasu suna da 'yan ƙafafu a ƙarshen kowane layi na jikin harafin, kamar salon rubutun kwamfuta mai suna Times New Roman. Wasu kuma sumul suke. A cikin na biyun akwai waɗanda aka gina da da'ira da miƙaƙƙen layi, irin Futura da Paul Renner ya fitar a Jamus a 1927. Naka kuwa dangin Eurostile ne, wanda Aldo Novarese ya zana a Italiya a 1962. Harafin O ɗinsa ba zagayayye ba ne sosai, ya fi kama da gilashin tsohuwar talabijin, kusurwa huɗu masu lanƙwasa. Shi ya sa har yau masu fim suke ɗauko shi idan suna son nuna zamanin da bai zo ba.

Ni dai na zaɓi "faffaɗan haruffa marasa ƙafa". Ya ɗan yi tsawo, amma yaro ma zai gane.

Sai dai ga abin da ya fi damuna. Da yawa daga cikinsu ba su da ɓ, ɗ da ƙ. Ka buga sunan da na ba su yanzu da k a madadin ƙ, sai ya fito "marasa kafa", alhali kafa rami ce ko mafita. Ƙasa ta koma kasa, ɗaki ya koma daki. Magabata sun ce kama da wane ba ta wane, wato kamanni ba ya mayar da abu ya zama ɗan'uwansa, kuma k ba ƙ ba ce. Wani lokaci kwamfuta takan aro mai ƙugiyar daga wani salo, sai ka gan shi siriri a tsakiyar ƙattin haruffa, allon duk ya ɓaci.

Kafin ka karɓi kuɗin mai shago, rubuta "ɓarawo ya ɗauki ƙarfe" da manya da ƙananan haruffa, ka duba ko ƙugiyoyin nan uku sun fito daidai da sauran.