Gurguzu, kwaminisanci da fasistanci: wanne ne wanne?

Wani ɗan uwa daga Zariya ya aiko da tambaya, yace Malam a zaɓen Amurka na 2024 Trump yana ta kiran Kamala Harris 'yar kwaminis ita kuma tace shi ɗan fasist ne, to a majalisarsu musu ya ƙi ƙarewa, wai me kalmomin nan suke nufi da Hausa, kuma ana iya gane inda shugaba ya dosa daga bakinsa kawai?

To ɗan uwa madalla da tambaya. Mu fara da tamu ta gida, gurguzu. Asalinta 'ya'yan yakuwa ne, waɗanda ake daddawar batso da su, sannan Bahaushe na cewa an yi gurguzu in an haɗu an yi abu a dunƙule ba naka ba nawa, shi yasa 'yan jarida suka ari kalmar suka ce ra'ayin gurguzu. Kwaminisanci kuwa shi ne ƙurewar wannan ra'ayi, irin wanda masana 'yan Jamus Marx da Engels suka rubuta a 1848 kuma Lenin ya ɗora a Rasha a 1917, ƙasa da masana'antu duk su fita daga hannun masu jari. Mutanenmu suna haɗa biyun, amma ba duk ɗan gurguzu ne ɗan kwaminis ba, ko Malam Aminu Kano ai abokan hamayya sun sha jifan jam'iyyarsa NEPU da sunan kwaminis don tana maganar talakawa.

Fasistanci bamu da kalmarsa, aro ce daga Italiya. Tushenta damin sanduna ne da gatari a ciki, alamar iko a tsohuwar Rum, wato kusan tsintsiya maɗaurinki ɗaya amma maɗaurin mutum guda ne kuma ba a masa musu. Mussolini na Italiya ya kafa ƙungiyarsa ta fasist a 1919, ya hau mulki 1922, ya auka wa Habasha 1935. Masu fassara shi da mulkin kama-karya basu cika ba gaskiya, don Stalin ma, shugaban kwaminis na Tarayyar Soviet, kama-karya yayi.

Batun baki kuma, nan ne nake so a nutsu. Mussolini ɗin nan da kansa ɗan gurguzu ne da farko, har editan jaridar jam'iyyarsu yayi kafin su kore shi a 1914, saboda haka zagin manya da kuka da sunan talaka kowa a cikinsu ya iya. Abin saurare shi ne wa ya kira maƙiyi. In yace masu jari ne suke tsotse ma'aikata, ya karkata ɓangaren gurguzu, in kuma yace baƙi ne suke ɓata mana jini kuma ni kaɗai zan ceci ƙasa, wannan harshen fasistanci ne. A wannan ma'aunin ni ban ga kwaminisanci a maganar Harris ba, kalaman Trump kan baƙin haure kuwa dole su ɗaga hankali, amma kafin a ɗaura masa sunan ɗan fasist sai an duba yadda yake yi da kotu da 'yan jarida da sakamakon zaɓe.