Tambaya da Amsa: Ina zan dosa in karanci aikin ruwan sha?

Tambaya: Assalamu alaikum Baba Injiniya. Na karanci ilimin ƙananan halittu a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, na kuma gama bautar ƙasa. A unguwarmu wajen 'yan garuwa muke sayen ruwa, a ƙauyen kakata kuwa, can wajen Goronyo, mutane da dabbobi rijiya ɗaya suke sha. Ina son in fita waje in koyi yadda ake samar wa irin waɗannan wurare ruwa mai tsabta. Ina zan dosa? Yayana ya ce ɓata lokaci ne. Daga ɗiyarka a Mabera, Sakkwato.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗiyata, Allah ya yi miki albarka. Wurare uku zan ambata miki. Akwai makarantar IHE a garin Delft na ƙasar Holan, wadda tun 1957 ba ta da sana'a sai ruwa. Akwai cibiyar WEDC a Jami'ar Loughborough ta Ingila, ita ta fi karkata ga ruwa da tsabtar muhalli a ƙasashe irin namu. Sai makarantar 2iE a Wagadugu, Burkina Faso, wadda mutanenmu kan raina don ba a ƙetare teku, alhali ƙasarsu da ranarsu da rijiyoyinsu sun fi kama da namu. Sai dai ki ɗan taɓa Faransanci.

Kuɗi kuwa, in Ingila za ki, ki nemi tallafin karatu na gwamnatin Birtaniya, wato Chevening ko Commonwealth. Chevening na son wanda ya yi aiki na shekara 2, kuma da sharaɗin komawa gida bayan karatu. Ni wannan sharaɗin na shekara 2 ma shi ya fi burge ni, bari ki ji dalili.

Da na dawo daga nawa karatun, kaina ya yi girma. Aka tura mu wani ƙauye inda aka haƙa rijiyar burtsatse mai aiki da hasken rana, amma yara ba su daina gudawa ba. Na ɗebi ruwa a bakin famfo na gwada, tas. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada a samu ƙwayar E. coli, mai nuna kashi ya shiga ruwa, ko ɗaya a mililita 100, kuma ba a samu ba. Na yi ta jujjuya takarduna har wata tsohuwa ta ce, "Yaro, zo ka sha ruwa." Ta ɗaga faifan da ke rufe da randa, ta ɗauki moɗa daga ƙasa inda jikanta ya yar, ta karkaɗe ta a zane, ta tsoma har wuyan hannu. Jarkar da aka ɗebo ruwan da ita kuwa cikinta ya yi kore. Nan cutar take, tsakanin famfo da baki, ni kuwa ina can ina zargin injin.

Don haka kafin ki cike takardar kowa, ki nemi aiki ko na sa kai ne a hukumar ruwan karkara ta jiha, wato RUWASSA, ko wata ƙungiya mai aikin ruwa. Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke Kaduna ma tana bayar da horo. Ki riƙa zuwa ƙauyen kakarki da littafi. Ki auna tazarar masai da rijiya, mita 30 ake so aƙalla. Ki lura da mai sa alif ko 'ya'yan zogale yana ganin ya gama, alhali laka kawai suke kwantarwa, kashe ƙwayoyin cuta sai tafasawa ko sinadarin kulorin. Ki tambayi wa ke gyara famfon tuƙa-tuƙa in ya lalace, kuma daga aljihun wa. Abin da kika rubuto shi zai zama takardar neman gurbinki, kuma shi za ki yi bincike a kai in kin je.

Yayanki kuwa ki tuna masa da kurkunu. Mu mun ga manoma kwance da damina ƙafa a kumbure, gona ta tafi a banza. Da tace ruwa da ƙyalle, da rijiyoyi masu kyau, da masu bin ƙauyuka gida-gida aka kore shi, har a 2013 aka tabbatar babu shi a Najeriya. In bai gamsu ba, ki turo mini shi mu zauna.